Tsofaffin Kayan Noma da Tarkacen Gida: Yadda Za a Rabu da Su

A yawancin gidajen manoma na ƙasar Cadawa, da sauran garuruwan Agye, Gazawa da Gidan Runji, akwai wani lungu da ake jibge duk abin da ya daina aiki. A wani gida bayan rumbu ne, a wani kuma gindin darni. A can ake samun karyayyar garmar shanu, da ƙafar amalanke, da tsohon famfon feshi, da jarkokin maganin ƙwari, da mataccen batir, da yagaggun buhuna. Maigida ba ya son ya zubar, domin da guminsa ya saya, kuma yana sa ran wata rana za su yi amfani. Shekara na bin shekara, tsatsa na cin ƙarfe, gara na cin itace.

A cikin wannan tari akwai dukiya, akwai kuma cuta. Wannan bayani zai nuna yadda ake bambanta su: abin da za a gyara, abin da za a sake wa aiki, abin da za a sayar, abin da zai zama taki, da abin da dole a nesanta shi da yara, da dabbobi, da ruwan sha.

Daga ina waɗannan kaya suka fito?

Kakanninmu da hauya, da sungumi, da gatari, da lauje suka yi noma. Idan ƙota ta karye, ta zama makamashi. Idan ruwan hauya ya cinye, maƙeri ya mai da shi wani abu. Ƙwarya da igiya da tabarma kuwa ƙasa ke cinye su. Saboda haka ba a tara tarkace mai yawa.

Abin ya sake bayan samun mulkin kai. A shekarar 1962 gwamnatin Nijar ta kafa hukumar UNCC, mai kula da bashi da ƙungiyoyin manoma, da kuma kamfanin SONARA mai sayen gyaɗa. A lokacin gyaɗa ce ke kawo wa manoman Maraɗi kuɗi, aka kuma fara yaɗa noma da shanu. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa cikin na 1980, babban shirin raya karkara na Maraɗi, wanda Bankin Duniya ya ba kuɗi, ya riƙa horar da samarin manoma da matansu a cibiyoyin koyon noma. Wanda ya gama yakan koma gida da shanun noma, da garma, da amalanke, bisa bashi. An buɗe wuraren ƙera irin waɗannan kaya a cikin ƙasa: SEFAMAG a Maraɗi, UCOMA a Damagaram, ACREMA a Tawa, da CDARMA a Doso.

Sai dai shekarun ba su zo da sauƙi ba. Bayan farin 1973, a 1975 darɓa ta kawo wa gyaɗa cutar da ta halaka amfanin shekarar. A 1984 kuma aka yi farin da ya kawo yunwar da ake kira El Buhari. Mutane da yawa suka sayar da shanun, bashi ya gagara biya, kayan ƙarfen suka zauna a gida. Wasu na aiki har yau, wasu kuma sun zama abin da muke gani a bayan rumbu.

Daga baya sababbin kaya suka shigo ta kasuwannin Maraɗi da na Jibiya da Katsina: injin ban ruwa, injin niƙa, babur, tocila, salula, farantin hasken rana da batirinsa, leda da roba iri-iri. Yawancinsu ba su da tsawon rai, kuma ƙasa ba ta cinye su. Shi ya sa tarkacen yau ya sha bamban da na da.

Illar barin tarkace a gida

*Rauni.* Yara na wasa ba takalmi. Bakin tsohon kwano, ko ƙusa, ko haƙorin garma na iya yanka su. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ƙarfen da ya daɗe a ƙasa yakan shigar da ita cikin jiki idan ya soki mutum. Wanda ya ji irin wannan rauni ya wanke shi nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, ya tafi asibiti a ranar, a duba ko yana bukatar allura. Kada a sa wa rauni ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai.

*Miyagun ƙwari.* Maciji da kunama na son wuri mai duhu da ba a taɓawa. Ɓeraye ma a nan suke gida, daga nan su shiga rumbu. Inda ɓera ya yi yawa kuwa, maciji na biye.

*Sauro.* Tsohuwar taya, da gwangwani, da fasasshen tulu na riƙe ruwan sama. Sauro na yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma a lokacin zafi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai cizo.

*Asarar dabbobi.* A ƙarshen rani, idan ciyawa ta ƙare, awaki da tumaki da shanu na cin leda da guntayen buhu. Cikinsu ba ya narkar da su. Sai su dunƙule, dabba ta daina cin abinci, ta rame, wani lokaci ta mutu. Mahauta sun san wannan, domin suna ciro dunƙulen leda daga tumbi. Jar akuya ita ce asusun mata da yawa a jihar Maraɗi. Rasa ta saboda leda babbar asara ce.

*Raguwar daraja.* Ƙarfen da ke kwance a ƙasa yana rage nauyi kowace damina. Abin da za a iya gyarawa bana, baɗi sai dai a sayar da shi a kan sikeli.

Lokacin da ya dace da aikin

Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbin hatsi da wake da tonon aya, rana ba ta yi zafi ba, ƴan ci-rani da yawa ba su riga sun tafi ba, kuma da ɗan kuɗin gyara a hannu. Maƙera ma suna da sarari. Wanda ya jira har bazara zai tarar da layi a maƙera, domin kowa a lokacin yake tunawa da garmarsa.

Kafin a fara:

- A sa takalmi rufaffe da safar hannu mai kauri.
- A fara motsa tarin da doguwar sanda, kada a tura hannu inda ido bai gani ba.
- A nesanta yara ƙanana. Mata masu ciki da masu shayarwa kada su taɓa kayan magani ko batir.
- A ajiye ruwa da sabulu kusa. Kada a ci abinci ko goro sai an wanke hannu.

Kayan na wane ne?

Wannan ce tambaya ta farko, domin ita ke hana rigima. Ba duk abin da ke cikin gidan mutum ne nasa ba.

*Kayan gado.* Amalanken da mahaifi ya bari na magada ne duka, maza da mata, ko da a gidan babban wa yake. Ko ya zama tarkace, haƙƙinsu na nan. A sanar da kowa, a daidaita, a sayar a gaban shaidu, sannan a raba kuɗin yadda rabon gado ya tanada.

*Kayan mata.* Tsohon injin taliya, da tukwane, da kwanoni, da kayan aikin man gyaɗa na uwargida ne. Ita ke da ikon cewa a sayar ko a bari, kuma kuɗin nata ne.

*Kayan aro.* Abin da aka aro tun shekaru aka manta, a mayar wa mai shi ko magadansa.

*Kayan ƙungiya.* Injin niƙa ko injin ɓarar gyaɗa da ƙungiya ta saya, ko wani shiri ya ba ta, ba na shugaba ba ne, ba na ma'aji ba ne. Sai an kira taro, membobi sun yarda, an rubuta a littafin ƙungiya: sunan abin, ranar sayarwa, kuɗin da aka samu, da inda aka sa su.

*Kayan hukuma.* Ƙarafan famfon tuƙa-tuƙa, da na makaranta, da na asibiti, da allunan bakin hanya dukiyar jama'a ce, ko sun lalace. A kai maganarsu wurin maigari da ofishin komin. Wanda ya sayar da su da kansa ya jawo wa kansa shari'a.

A raba kayan kashi biyar

A share fili, a ja layi biyar a ƙasa. Duk abin da aka ɗauko, a sa shi a layinsa.

Kashi na 1: Abin da za a gyara

A yi wa kowane abu tambaya uku. Shin ina bukatarsa a damina mai zuwa? Shin ana samun kayan gyaransa a kusa? Shin kuɗin gyaran bai kai rabin kuɗin sabo ba? Idan amsar duka uku "i" ce, a gyara.

Garmar shanu da injin shuka na da, yawanci da ƙarfe mai kauri aka yi su. Sau da yawa baki ne kawai ya cinye, ko ƙusa ta ɓace, ko ƙafa ta sukurkuce. Maƙeri ko mai walda na iya sa sabo. Amalanke kuma, idan gindinsa da sandar ƙafafunsa na da lafiya, katako da taya kawai yake bukata. Idan akwai matattun injina biyu iri ɗaya a gari, makaniki na iya haɗa su ya tada ɗaya, masu su su yi tarayya a kansa.

Wanda ba shi da shanu yanzu, kuma ba ya sa ran samu, gara ya sayar wa maƙwabci mai shanu, ko ya ba da haya. Kayan da ke aiki sun fi tsada nesa da kayan da aka auna a kilo.

Kashi na 2: Abin da za a sake wa aiki

- Ƙarfen sifirin mota ko na amalanke: maƙeri na yin gatari, da adda, da wuƙa da shi.
- Tsohon ruwan hauya da guntayen ƙarfe: a ba maƙeri, a rage kuɗin sabuwar hauya.
- Tsohuwar taya: takalmi, igiyar ɗaure kaya, ko kariya ga ɗan itacen da aka dasa. Tiyub kuma ana yin guga da shi. Tayar da za a ajiye, a huda ta ko a cika ta da ƙasa don kada ta riƙe ruwa.
- Tsohon kwanon rufi: ƙofar akurki ko inuwar dabbobi, bayan an lanƙwasa bakinsa mai kaifi.
- Buhun ajiyar wake mai riɓi uku, wanda ake kira PICS: an fara yaɗa shi a 2007, tare da masu binciken INRAN na Maraɗi. Amfaninsa shi ne hana iska shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Idan ledar ciki ta huje, ba ta ƙara tsare wake. Amma buhun waje na iya ɗaukar kaya, ledar kuma ta rufe abin da ba a son ruwa ya taɓa.

Tanon da ya taɓa ɗaukar fetur ko gas yana riƙe tururin mai ko ya daɗe a bushe. Idan aka sa masa wutar walda yana iya fashewa ya kashe mutum. A gaya wa mai walda abin da tanon ya ɗauka. Tanon maganin ƙwari kuwa ba a sake masa aiki ko kaɗan.

Kashi na 3: Abin da za a sayar

Masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda ake kira ƴan gwangwan ko ƴan jari-bola, suna yawo ƙauyuka da ranakun kasuwa. Garuruwan da ke kan babbar hanya, kamar Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Runji, sun fi samun masu saye, domin mota na isa gare su da sauƙi. Abin da suka tara ana kai shi manyan garuruwa, daga nan a narkar da shi a yi sabon ƙarfe.

Ƙarfe ba iri ɗaya ba ne. Jan ƙarfe, wanda ke cikin waya da cikin injin lantarki, ya fi kowane tsada. Sai tagulla, sai alminiyam. Baƙin ƙarfe shi ne mafi araha. Mayen ƙarfe, wanda ake samu a bayan tsohuwar lasifikar rediyo, yana taimakawa: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama jan ƙarfe, ko tagulla, ko alminiyam. Wanda ya haɗa su duka a buhu ɗaya, kuɗin mafi araha za a ba shi.

Don kada a cuci mai kaya:

- A tambayi farashin kilo wurin mutum biyu ko uku kafin a sallama.
- A ƙi cinikin ido. A auna kowane iri daban.
- A duba allurar sikeli tana kan sifiri kafin a ɗora kaya. Ana iya gwada sikelin da abin da aka san nauyinsa.
- A rubuta nauyi da kuɗi a takarda.
- Manya su yi cinikin. Idan aka saba wa yara sayar da ƙarfe, wata rana hauya mai lafiya za ta bi.

Ga misali don koyon lissafi kawai, domin farashi na canzawa. A ce mai saye ya ce kilo dala 20, ƙarfen kuma ya kai kilo 45. Sai a yi 45 sau 20, ya ba da dala 900. Jaka ɗaya dala 200 ce. Ke nan kuɗin jaka 4 da rabi ne.

Idan gidaje goma suka haɗa kayansu, sun fi ƙarfin ciniki, kuma mai saye zai yarda ya kawo mota har gari.

Duk ƙarfen da aka tsinta a daji mai kama da harsashi ko bam, kada a ɗauka, kada a buga. A sanar da maigari da jami'an tsaro.

Kashi na 4: Abin da zai zama taki

Ruɓaɓɓen zana, da tsohuwar jinka, da kara, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da toka, da kashin dabbobi abincin gona ne. Ƙasar wannan yanki rairayi ce, mutane sun yi yawa, gonaki ba su samun hutu. Bai kamata a ƙone abin da zai ƙara mata ƙarfi ba.

A haƙa rami a inuwa. A riƙa jera busasshen kaya da kashin dabbobi, hawa bisa hawa, ana yayyafa ruwa da ɗan toka. A rufe da kara. A juya bayan kowane mako biyu, a ƙara ruwa idan ya bushe. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, wari ya tafi.

Kafin a kai juji gona, a tsince leda, da kwalba, da batir, da allura. Abin da aka kai gona da amalanke, shekara da shekaru hauya za ta riƙa tono shi.

Kashi na 5: Kaya masu guba

Wannan kashi ya fi sauran muhimmanci. Kuskure a nan yana iya cin rai.

*Jarkokin maganin ƙwari.* Roba na shan magani. Ko an wanke jarka da sabulu, ko wari ya tafi, guba na iya saura a jikinta. Kada a zuba mata ruwan sha, ko fura, ko nono, ko man gyaɗa, ko kananzir. Kada a sayar da ita a kasuwa. Da zarar magani ya ƙare, a yi mata ɗauraya uku:

1. A tsiyaye sauran maganin cikin famfon feshi.
2. A zuba ruwa har kashi ɗaya cikin huɗu na jarkar, a rufe, a girgiza sosai.
3. A juye ruwan cikin famfon feshi. A yi haka sau uku, a fesa ruwan a gonar da ake wa magani.
4. A huda jarkar ta gindi don kada wani ya ɗauka ya yi amfani da ita.
5. A tara su a buhu, a ajiye inda ake kullewa, a sanar da malamin gona ko ɗan birgad mai feshi na gari.

Kada a ƙone su, domin hayaƙin guba ne. Kada a jefa su a tsohuwar rijiya, ko tabki, ko gulbi.

*Tsohon magani.* Maganin da kwanansa ya wuce, ko takardarsa ta goge, ko ya daskare, ba a fesa shi, ba a kuma zubar da shi a ƙasa. A bar shi cikin mazubinsa. Idan yana yoyo, a sa mazubin cikin bokitin da ke da murfi, a zuba rairayi a kewaye. A ajiye shi nesa da ɗakin kwana da rumbu, a kai labari ga ma'aikatan kare tsirrai da ke ofishin noma. Ƙwayar da ake sa wa wake a buhu tana fitar da iska mai kisa idan ta ji danshi. Kada a ajiye ta ko gwangwaninta a ɗakin da ake kwana.

Halaka irin wannan magani na bukatar tanderu na musamman mai tsananin zafi. A 1991, dubban litoci na wani tsohon maganin fara mai suna diyeldirin da suka rage a Nijar, sai da aka kwashe su aka kai Turai aka ƙone. Abin da ya kai gwamnati ga haka, manomi ba zai iya shi da wutar kara ba. A Nijar, doka mai lamba 2015-35 ta shekarar 2015 ita ce ta tsara sha'anin kare tsirrai da magungunansu.

Alamun guba sun haɗa da jiri, da amai, da yawan zufa da yawu, da ganin hazo, da wahalar numfashi. A cire wa mutum tufafin da magani ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da mazubin maganin. Kada a sa shi amai da ƙarfi, kada a ba shi nono ko mai.

*Batir.* Babban batir na mota, da na babur, da mafi yawan na hasken rana, yana ɗauke da ruwa mai ƙuna da kuma dalma. Dalma guba ce da ba ta da wari. Ƙurarta na shiga jikin yaro ta hannu da baki, ta dakushe ƙwaƙwalwarsa, ta kawo ciwon ciki da jijjiga, har da mutuwa. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar, a ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ƙurar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwar. A jihar Zamfara ta Najeriya, a 2010, yara kimanin 400 suka mutu da gubar dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Saboda haka kada a fasa batir a gida, kada a zubar da ruwansa, kada a narkar da dalmarsa. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, inda yaro ba ya kaiwa. A mayar da shi yadda yake ga mai sayar da sabo, a nemi ragi. Ƙananan batura na tocila da rediyo a tara su a gwangwani mai murfi. Batirin salula da ya kumbura yana iya kama wuta. Kada a huda shi, kada a jefa shi a murhu.

Masu zubin tukwane su lura da abin da suke narkarwa. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya samu dalma a tukwanen da aka zuba da tarkacen alminiyam. Kada a haɗa da kayan batir, ko na lagireto, ko gwangwanin magani.

*Baƙin mai.* Kaɗan daga cikinsa na ɓata ruwa mai yawa. Kada a juye injin ban ruwa a bakin rijiyar lambu. A tare man a mazubi, a rufe, a kai wa makaniki. Kada a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko gyambo.

*Leda da roba.* A 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana yi, da shigowa, da sayar da ledar nan marar kauri. Duk da haka leda na nan a kasuwanni. Ƙona leda, ko taya, ko wayar lantarki don a ciro jan ƙarfe, yana fitar da hayaƙin da ke cutar da huhu. Robar da ke da kauri, kamar fasasshen bokiti da tsofaffin takalma, a tambayi masu saye, wasunsu na karɓa. Sauran a cusa a buhu, a ɗaure, a kai wurin da gari ya keɓe.

Aikin gari ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan gida ɗaya ya share, na kusa bai share ba, iska za ta dawo da leda, ɓera ma ya dawo. Maigari, da limamai, da ƙungiyoyin mata da na samari, da ajin karatun manya na iya sa ranar gayya sau ɗaya a shekara. Gari ya keɓe wuri guda mai shinge, nesa da rijiya da hanyar ruwa da makaranta, don abin da ba ya sayuwa kuma ba ya ruɓewa. A nemi ɗaki mai kulle don jarkokin magani da batura. A gayyaci malamin gona da ma'aikacin lafiya su halarta. Kuɗin ƙarfen da ba shi da mai shi, idan jama'a sun yarda, ana iya sa shi a gyaran famfo ko sayen allo da alli.

Yadda za a hana tarin dawowa

- Bayan kowane aiki a kankare ƙasa daga garma da hauya, a shafa musu ɗan mai, a rataye su a inuwa.
- A ɗora amalanke a kan dutse ko kututture idan zai daɗe ba aiki, don kada taya ta fashe.
- Ƙusa ɗaya idan ta kwance, a ɗaure ta a ranar.
- Kafin a sayi inji, a tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Maraɗi ko Tasawa.
- A sayi maganin ƙwari daidai bukatar shekara, mai takarda, daga wurin wanda hukuma ta yarda da shi.
- A tafi kasuwa da kwando, ko ƙwarya, ko jakar tsumma.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Waɗanne kaya ne suka daina aiki a gidanku? Ku rubuta sunayen guda goma, ku sa kowanne a kashinsa.
2. A garinku, me ake yi da jarkar maganin ƙwari idan ta ƙare? Me ya kamata a canza?
3. Idan kilo dala 30 ne, nawa ne kuɗin kilo 20? Jaka nawa ke nan?
4. Akwai kayan ƙungiya da suka lalace a garinku? Wa ke da ikon yanke shawara a kansu?
5. Wane wuri ne ya dace gari ya keɓe don tarkace, kuma wa za a ɗora wa kula da shi?